Ramin da ya hana tsohuwar kwamfuta mutuwa

Duk wanda ya taɓa kwance murfin kwamfutar tebur ya san wurin. A jikin babban allon da masu gyara ke kira madabod, ƙasa kaɗan da fankar furosesa, akwai wani dogon rami siriri da bai kai taƙi guda ba, da ɗan makulli na roba a ƙarshensa. Nan ake soka katin hoto, katin da ke zana duk abin da ido ke gani a manita, tun daga harafin rubutu har ciyawar filin ƙwallo a cikin gem. Haɗa kwamfuta da gyaranta ce sana'ata a Kano, kuma a bakin wannan rami nake samun mafi yawan abincina. Wayar hannu ba ta da shi, laftof ba ta da shi, PlayStation ma haka. Su in sun tashi tsufa, gaba ɗaya suke yi. Kwamfutar tebur kuwa gaɓa-gaɓa take tsufa, a cire wadda ta gaji a sa wata, a ci gaba da aiki. Mutane ne suka zauna suka bar ramin nan a buɗe, an kuma taɓa yunƙurin toshe shi.

Abin ya faro ne a jihar Fulorida ta Amurka, a wani gari mai suna Boka Raton. A 1980 kamfanin IBM, wanda ya saba ƙera wa bankuna da gwamnatoci manya-manyan kwamfutoci, ya farga cewa ƙananan kamfanoni irin su Apple na shirin cinye kasuwar kwamfutar gida. Aka ba wani injiniya, Don Estridge, da 'yan tawagarsa wa'adin kimanin shekara guda su fito da tasu. Shekara guda ba ta isa a ƙera komai daga tushe, don haka suka shiga kasuwa kamar kowa: furosesa daga Intel, manhajar tafiyarwa daga Microsoft, sauran kayan daga nan da can. Ranar 12 ga Agusta 1981 aka fito da IBM PC. Ramuka biyar gare ta, kuma madabod ɗinta ba ya iya nuna hoto da kansa. Mai saye ne zai zaɓi kati, ko MDA mai nuna rubutu zalla, ko CGA mai zane da launi huɗu a lokaci guda. IBM ya kuma buga littafi mai ɗauke da taswirar yadda aka haɗa cikin na'urar, duk mai buƙata ya saya ya karanta. Apple II ta riga ta da ramuka takwas tun 1977, bisa nacin Steve Wozniak, amma tsarin IBM ne duniya ta kwaikwaya, kuma jikokinsa ne muke kwancewa a shaguna yau.

Ba a daɗe ba wani ya ci moriyar wannan dama. Van Suwannukul, ɗan asalin ƙasar Tailan da ke zaune a Amurka, yana son rubuta kundin digirinsa na uku da haruffan yarensu. MDA bai san da zamansu ba, CGA kuma rubutunsa dishi-dishi yake fitowa. Sai ya ƙera katinsa, Hercules, wanda ya shiga kasuwa a 1982, mai ɗigo 720 a kwance da 348 a tsaye, ya kuma samu karɓuwa ƙwarai a ofisoshi. Duk Bahaushen da ya sha fama kafin ƙ da ɗ da ɓ su fito masa daidai a kwamfuta zai gane abin da ya tunzura bawan Allah nan. Ni a wurina nan al'adar ta soma: mutum ya sayi na'ura, ta gaza masa a wuri ɗaya, ya gyara wurin ya bar saura.

EGA ya zo a 1984 da launi 16, VGA ya biyo baya a 1987 da launi har 256. Soket ɗin nan mai ƙofofi 15 da har gobe ake gani a bayan manitocin shagunan buga takardu, gadon 1987 ne. A wannan shekarar kuma IBM ya yi nadamar barin ƙofa a buɗe. Ya ga Compaq da wasunsa suna sayar da kwamfutoci irin nasa a farashi mai sauƙi, sai ya fito da samfurin PS/2 mai wani sabon rami, Micro Channel, wanda tsofaffin katuna ba sa shiga, kuma duk kamfanin da ke son amfani da shi sai ya biya kuɗin izini. Sauran kamfanoni suka ce ba su san zancen ba. A 1988 guda tara daga cikinsu, da Compaq a gaba, suka haɗa kai suka fitar da nasu tsarin mai karɓar tsofaffin katuna. Masu saye suka bi su. Daga nan ragamar ta kuɓuce wa IBM, har ya sayar wa Lenovo na ƙasar Sin sashensa na kwamfutocin tebur da laftof a 2005. Da Micro Channel ya yi nasara, da wuya a ce akwai sana'ata a yau.

Har zuwa tsakiyar shekarun 1990, a gem na 3D aikin kati bai wuce ya karɓi hoto ya miƙa wa manita ba. Furosesa ce ke lissafin komai. Doom na 1993 da Quake na 1996, duka daga kamfanin id Software na jihar Tekzas, a wuyan furosesa suka rataya, shi ya sa hotonsu yake gutsure-gutsure, ana iya ƙirga ɗigonsa da ido. Wasu mutum uku da suka baro kamfanin Silicon Graphics, wato Ross Smith da Gary Tarolli da Scott Sellers, su suka canza lissafin. A 1994 suka kafa 3dfx a San Hose ta Kalifoniya, da niyyar kawo fasahar da ake sayarwa dubban daloli cikin ɗakin yaro mai gem. Farashin memori ya faɗi a 1996, sai hanya ta buɗe musu, katin Voodoo ya fito a ƙarshen shekarar da megabait 4, a kan kusan dala 300.

Voodoo kati ne mai ban mamaki, don bai iya nuna rubutu ko fuskar Windows ba. Hoton 3D kawai ya sani. Dole ka bar tsohon katinka a wurinsa, ka soka Voodoo a ramin da ke kusa, ka ɗauko wata gajeriyar waya mai kauri ka haɗa bayan wancan da bayan wannan, sannan ka jona manita a jikin Voodoo. Samfurin da kamfanin Orchid ya ƙera har ƙara yake yi, ƙas, a daidai lokacin da ya karɓi aiki daga hannun ɗan'uwansa. A Janairun 1997 John Carmack na id Software ya saki GLQuake, wato Quake da aka gyara don ya hau irin wannan kati. Mutane suka ga gem ɗin da suka sani jiya, a kan kwamfutar da suka sani jiya, ya koma sumul, bangaye sun daina gutsurewa, motsi ya daina tsinkewa. Ba a canza furosesa ba, ba a canza madabod ba. Tun daga ranar, duk mai gem a kwamfuta ya san inda zai fara kai kuɗinsa.

3dfx bai daɗe yana cin kasuwa ba. Voodoo2 na 1998 ya ba da damar a haɗa kati biyu su raba aiki, masu hali suka yi rububinsa. Amma a ƙarshen shekarar kamfanin ya sayi STB, mai masana'anta a garin Huwarez na Meziko, don ya riƙa ƙera katunansa da kansa maimakon sayar wa wasu ƙwaƙwalwar katin. Garin neman ƙiba ya samo rama. Diamond da Creative, waɗanda ke tallata masa haja a duniya, suka wayi gari ya zama abokin hamayyarsu, sai suka koma wurin Nvidia. Shi Nvidia, wanda Jensen Huang da Chris Malachowsky da Curtis Priem suka kafa a 1993, ya kusa durƙushewa bayan katinsa na farko ya ƙi karɓuwa, RIVA 128 na 1997 ne ya cece shi. Daga nan ya ɗauki salon fitar da sabon abu kusan duk wata shida. GeForce 256 ya fito a Oktoban 1999 da megabait 32, ya ɗauke wa furosesa lissafin haske da na juya siffofi. A Disambar 2000 Nvidia ya saye kadarorin 3dfx. Filin ya rage masa shi da ATI na Kanada, mai katunan Radeon, wanda AMD ya saya a 2006 kan kimanin dala biliyan 5.4.

Ni a zamanin AGP na koyi aiki, farkon shekarun 2000, lokacin Pentium 4 da su Need for Speed da GTA Vice City. Intel ne ya kawo ramin AGP a 1997, rami guda tak na katin hoto shi kaɗai, yawanci ruwan ƙasa. Ya yi sauri, amma ya zo da tarko. Na farko bolt 3.3 yake bayarwa, na biyu 1.5, na ƙarshe 0.8. An yi wa katunan tsaga a ƙafa don kada su shiga inda bai dace ba, sai dai akwai waɗanda aka tsaga ba bisa ƙa'ida ba, kuma tsohon kati mai 3.3 yana iya ƙona sabon madabod nan take. Ubangidana ba ya barin yaro ya soka katin AGP sai ya ɗaga shi sama ya duba tsagar da idonsa. Akwai kuma tarkon suna. GeForce4 MX ya cika kasuwa saboda araha, amma a cikinsa ɗan gidan GeForce2 ne, ba shi da fasahar inuwa da haske da sababbin gem ke nema, har Prince of Persia na 2003 ya ƙi tashi a kansa sam. Daga wannan zamani masu sana'ar suka koyi cewa lambar da ke kan kwali ba ta isa hujja.

Sai PCI Express ya iso madabod a 2004. In da za a tambaye ni abu guda da ya fi amfanar talaka a duk tarihin kwamfutar gem, shi zan nuna. An sabunta shi a 2007, da 2010, da 2017, da 2019, kowane karo gudunsa ya ninka, amma siffar ramin ba ta canza ba, kuma sabon kati da tsohon madabod sukan daidaita a kan gudun da dukansu za su iya. Sama da shekara ashirin ke nan ana rami ɗaya. A harkar da cajar waya ma ake ta sauya mata baki, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Matsalar sai ta tashi daga rami ta koma wuta. Ramin wat 75 kawai yake bayarwa. Katin da ke son ƙari sai an jawo masa waya daga fawa-fak, wato akwatin da ke ba kwamfuta wuta, mai baki 6 ta ƙara wat 75, mai baki 8 ta ƙara 150. GeForce 8800 GTX na Nuwambar 2006 waya biyu yake sha, tsawonsa kusan santimita 27, akwatuna da yawa ba sa ɗaukarsa. Da Crysis ya fito a 2007, ya durƙusar da kusan kowace kwamfuta, mutane suka ruga sayen manyan katuna suka jona su a fawa-fak na banza, aka yi ta jin ƙaurin ƙuna.

Abu biyu ne suka haɗu suka buɗe mana kasuwa a nan gida. Na farko, furosesocin da Intel ya fitar a 2011 da 2012, irin su i5-2400 da i5-3470, sun yi ƙarfin da na bayansu ba su wuce su da nisa ba har sai da AMD ya kawo Ryzen a 2017. Ofisoshin Turai da Amurka kuwa sukan sallami kwamfutocinsu bayan 'yan shekaru, ko da lafiyarsu ƙalau. Su ne Dell OptiPlex da HP ɗin da ke sauka Legas a kwantena, su bi ta Computer Village ta Ikeja, su iso mana Beirut Road a matsayin tokumbo. Na biyu, a Fabrairun 2014 Nvidia ya fitar da GTX 750 Ti, mai cin wat 60, wanda ramin kaɗai ke ciyar da shi. GTX 1050 Ti mai gigabait 4 ya biyo a Oktoban 2016, sai GTX 1650 a 2019. Kwamfutar da ta ƙare rayuwarta ta farko tana buga wasiƙu a wani ofishin inshora, da kati ɗaya sai ta zama ta gem, ko ta zama abin tace fim a hannun yaran da ke yi wa Kannywood da masu bikin aure editin. Ba mu kaɗai ba ne. Ƙididdigar da dandalin Steam ke fitarwa duk wata ta nuna GTX 1060 na 2016 ya riƙe matsayi na ɗaya kusan shekara biyar, kuma GTX 1650 ne ya karɓe shi a ƙarshen 2022. Yawancin masu gem a duniya da matsakaicin kati suke lallaɓawa.

Kwanakin baya ɗan yayata ya shigo shago rungume da irin wannan kwamfuta, 'yar siririya, mai i5-3470 da fawa-fak na wat 240. Ya ga RX 580 na hannu da araha, ransa ya biya.

"Kawu, ai an ce mai giga takwas ya fi."

"Ya fi, ɗana. To wa zai ciyar da shi? Wat 185 yake ci shi kaɗai. Kuma kawo shi mu gani ko murfin zai rufu."

Ya gwada da hannunsa, katin ya fi akwatin faɗi da kusan yatsa uku. Muka ɗauko 1050 Ti gajere. Na sa shi ya fita waje da bulowa ya kaɗe ƙurar hunturun da ta yi kunshi a haƙarƙarin fanka, ya goge busasshen man da ke kan furosesa ya ɗiga sabo kamar ƙwayar wake. Na kwance dogon ƙarfen bayan katin na ɗaura gajere. Ya saita ƙafar zinaren a bakin ramin, hannunsa na rawa, ya ƙi dannawa. Na ce danna da babban yatsa, gefe biyu lokaci guda, ba zai karye ba. Makullin ya ce ƙyas. Da ya tashi jona manita sai ya nufi tsohon soket na madabod, inda ya saba, na riƙe masa hannu na nuna masa na jikin katin. Wannan kuskure ya fi kowane yawa a sana'ar nan, mutum ya kashe kuɗinsa ya koma gida yana gem da tsohon hoto bai sani ba. Da direba, wato manhajar katin, ta gama sauka, GTA V da a da yake tafiya kamar ana jan sa ya miƙe da gudu. Na kuma gaya masa gaskiya, cewa nan ne iyakar wannan na'ura. Ko ya samu kuɗin babban kati nan gaba, ɗora shi a kan wannan furosesa sa injin tirela ne a jikin a-daidaita-sahu.

Tsakanin 2017 da 2022 kasuwar ta shiga wani hali. Masu haƙar kuɗin intanet, musamman Ethereum, sun gano cewa katin gem ya fi komai iya lissafinsu, suka riƙa saye ɗari-ɗari suna jerawa a rumbuna, dare da rana ba kashewa. A 2021, ga annobar korona ga ƙarancin kayan haɗi, farashin kati ya ninka, wani ma ya fi haka. Ranar 15 ga Satumba 2022 Ethereum ya sauya tsari ya daina buƙatar katunan, sai suka malalo kasuwar gwanjo, wasu da sauran ƙarfinsu, wasu fankarsu ta gaji memorinsu ya dahu. A wannan tsakani kuma jabu ya yawaita a shagunan intanet: a ɗauko GTS 450 na 2010, a sauya masa bayanin ciki ya riƙa kiran kansa 1050 Ti. Shi ya sa ba na karɓar kati na hannu sai na buɗe shi a manhajar GPU-Z, na kuma bar shi ya yi aiki mai nauyi ina kallon zafinsa. Katin da ya yi lafiya a ɗaki mai sanyi a Turai, zafin Afrilun Kano ne ke tona masa asiri.

Abin da ke damuna yanzu ya fi na masu haƙa girma. Tun 2007 Nvidia ya saki CUDA, hanyar sa katin hoto ya yi lissafin da ba na hoto ba. A 2012 wani ɗalibi a Jami'ar Toronto, Alex Krizhevsky, ya horar da manhajar gane hotuna a kan katin gem guda biyu, GTX 580, ta doke duk abokan gasarta. Daga nan guguwar ƙirƙirarriyar basira ta taso, har darajar Nvidia ta haura dala tiriliyan ɗaya a 2023. Kamfanin da yara masu Quake suka raya da kuɗin aljihunsu, yau manyan cibiyoyin bayanai ne kwastomominsa na gaba-gaba. RTX 4090 na 2022 dala 1,599 aka sa masa, wat 450 yake ci, abin da ƙaramin janareta ko sola ta gida za su ji a jikinsu. Ƙananan katunan da ramin kaɗai ke ciyarwa, waɗanda su ne abincin kasuwarmu, sun yi ƙaranci a cikin sababbin fitowa. Ga Naira da aka saki a Yunin 2023, kowane kati kuma da dala ake shigo da shi.

Tsofaffin na'urorin su ma sun fara cin karo da bangon da kati ba ya rusawa. Wasu sababbin gem suna neman umarnin AVX2, wanda furosesocin Intel ba su samu ba sai daga 2013, don haka a kan i5-3470 ko buɗewa ba sa yi. Wasu sababbin katuna ba sa shiri da madabod mai tsohon BIOS, katunan Arc da Intel ya fara fitarwa a 2022 kuma ƙarfinsu zubewa yake in madabod ba shi da Resizable BAR. Windows 11 ba ya karɓar furosesar Intel da ta gaza zubi na takwas, in ban da 'yan ƙalilan, kuma Microsoft ya tsayar da tallafin Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025. Wannan na nufin ofisoshin ƙetare za su ƙara sallamo kwamfutoci masu zubi na shida da na bakwai, lafiyayyu, masu AVX2, masu ramin PCI Express a buɗe. Na riga na fara gaya wa yarana na shago su daina tara madabod na 2012, su kuma riƙe duk wani gajeren 1650 mai lafiya da ya shigo hannunsu, don waɗancan kwantenonin in sun iso, shi za a fi nema.